Daga Dufuna Zuwa Yawuri: Tarihin Kwale-kwalen Masunci

Idan Bahaushe ya ce zai hau jirgi a yau, abin da zai fara faɗo wa mai sauraro a rai shi ne filin jirgin saman Malam Aminu Kano ko tashar jirgin ƙasa ta Rigasa. Amma jirgin sama da jirgin ƙasa duk aron suna suka yi. Kafin layin dogo ya iso Kano a 1911, kafin jiragen sama na farko su sauka a birnin a 1925, jirgi ɗaya muka sani, wato gungumen icen da aka fafe aka ɗora a kan ruwa. Da baƙin suka zo sai aka raɗa musu sunansa, aka ƙara da "ƙasa" da "sama" don bambancewa. Yau shi mai sunan na asali sai an ce jirgin ruwa ko kwale-kwale kafin a gane shi ake nufi.

Haka muka yi masa a fagen tarihi ma. In za mu ba da labarin ƙasarmu, doki muke kawowa da raƙumi da ganuwa da ayarin fatake. Da wuya a tuna da masunci da jirginsa. Alhali kuwa wanda ya bi sawun wannan ɗan ƙaramin jirgi zai ga abu ɗaya yana ta maimaituwa tsawon shekaru dubbai: mai ƙera jirgi da abin da ƙasarsa ta ba shi yake aiki, kuma don ruwan da ya sani yake yin sa. Duk lokacin da ice ya sauya ko ruwa ya sauya, dole jirgi ya sauya siffa. In bai sauya ba, rai ne ke biyan farashin.

Abin da mai haƙa rijiya ya tarar

A watan Mayu na 1987, wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya don shayar da dabbobinsa kusa da ƙauyen Dufuna, a ƙaramar hukumar Fune ta jihar Yobe ta yanzu, ba nisa da kogin Komadugu Gana. Da ya yi zurfin kusan mita 5 sai ya ci karo da wani abu mai tauri. Da aka duba sai aka ga ice ne, kuma icen da hannun mutum ya sarrafa. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba, in ji masu magana, amma shi wannan bawan Allah jirgin ruwan ya tono.

Labari ya kai ga hukuma, ya kai Jami'ar Maiduguri. A 1994 masana kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa, Abubakar Garba na Jami'ar Maiduguri da Peter Breunig na Jami'ar Frankfurt ta Jamus, suka jagoranci tone wurin, ma'aikata kusan 50 suka yi mako biyu suna aiki. Abin da ya bayyana kwale-kwale ne na gungume ɗaya, tsawonsa mita 8.4, faɗinsa kamar rabin mita, kaurin jikinsa kusan santimita 5. An kai ɓarɓashin icen ɗakunan gwaji biyu a Jamus, duka suka nuna ya kai kimanin shekara 8,000. Shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka, kuma yana cikin uku ko huɗu mafiya tsufa a duniya. Wanda aka samu a Pesse ta ƙasar Holan ya girme shi. Yanzu yana ajiye a Damaturu.

Abu biyu ya kamata mu lura da su. Na farko, a wancan zamani ba a san ƙarfe ba. Da gatarin dutse aka sare icen, wanda masana suka ce dangin maɗaci ne, da shi aka fafe shi, aka fiƙe goshinsa da bayansa suka yi tsini. Kyan aikin ya sa masanan suka ce ba na ɗan koyo ba ne, sana'a ce da ta riga ta daɗe kafin a zo kansa. Na biyu, ƙasar da muke gani yau da yashi da ƙaya, a lokacin ƙasar ruwa ce. Tafkin Chadi na wancan zamani ya haura murabba'in kilomita 300,000, kuma tudun yashin nan da ya bi ta Maiduguri ya nufi Bama tsohon gaɓarsa ne. Akwai ruwa mai yawa, akwai manyan itatuwa a bakinsa, don haka aka yi jirgi da ice guda.

Aikin gizago

Wannan hanya ta gungume ɗaya ba ta ɓace ba. Gatarin dutse ya koma na ƙarfe, gizago ya shigo, amma tsarin aikin yana nan. Masassaƙi zai shiga daji ya nemi ice miƙaƙƙe, mai kauri, mara kogo, irin su maɗaci ko kawo ko maje. Rimi ya fi sauƙin sassaƙa kuma ba shi da nauyi, sai dai ba ya daɗewa a ruwa. In an kayar da icen, sai a duba wane gefe zai zama ciki, wane zai zama gindi. A daidaita saman, a fitar da siffar goshi da baya, sannan a shiga fafewa.

A nan gwaninta take. In jikin jirgi ya yi kauri, zai yi nauyi, mai tuƙi ya sha wuya. In ya yi siriri, ranar da ya bugi dutse ko kututture zai tsage. Gindi kuma dole ya fi gefe kauri, don nauyin ya zauna a ƙasa, jirgi ya daina rawa. In gefe ɗaya ya fi ɗaya nauyi, jirgin zai karkace, kuma haka zai yi ta tafiya a karkace har ya tsufa. Masassaƙi ba shi da awo sai ido da tafin hannu da kunne: yana ƙwanƙwasa jikin icen yana sauraren amon da zai bayar. Wasu sukan huda ƙananan ramuka don su ga kaurin da ya rage, daga baya su toshe da turaku. Saran gizago ɗaya da ya zarce yana iya lalata aikin makonni.

Ba banza ba ne a Hausar yamma kalmar komi take nufin abin da ake zuba wa dabbobi ruwa, take kuma nufin kwale-kwale. Aiki ɗaya ne, hannu ɗaya ne ke yin su. Bambancin kawai, ɗaya ruwa ake so ya zauna a cikinsa, ɗaya kuma a wajensa.

Sai dai jirgin gungume yana da iyaka: ba zai fi icen da aka yi shi da shi faɗi ba. To ina ga ƙasar da ba ta da manyan itatuwa?

Jirgin da aka ɗinka

Amsar tana can yamma da mu, a kan kogin Kwara, tsakanin Jenne da Tumbuktu da Gao a ƙasar Mali ta yau. Nan ne gidan Sorko, masuntan daular Songhai, waɗanda zuriyarsu da suka gangaro Kabi da Yawuri muke kira Sarkawa. Ƙasar tasu bakin hamada ce, ice mai kauri ya yi ƙaranci. Sai suka koma haɗa jirgi da guntaye: a sassaƙa ice falle-falle, a huda gefunan, a ɗinke su da igiya kamar yadda ake ɗinke fasasshiyar ƙwarya, a cusa ciyawa da laka a tsakani.

Wani Bafaranshe mai suna René Caillié ya hau irin wannan jirgi daga Jenne zuwa mashigar Tumbuktu a 1828, ya kuma rubuta abin da ya gani: manyan jirage na katako ɗinkakke, masu ɗaukar kaya da mutane da yawa, amma kullum suna yoyo, har akwai waɗanda aikinsu kenan kwarfe ruwa da ƙwarya dare da rana. Da irin waɗannan jirage Sonni Ali, wanda ya mulki Songhai daga 1464 zuwa 1492, ya riƙe kogin, har a fadarsa akwai sarautar mai kula da jirage. A Kabi ma, inda Kanta ya ɓalle daga Songhai a farkon ƙarni na 16 ya kafa Surame, an ruwaito cewa yana da jirgin da aka lulluɓe da tagulla wanda yake yawo da shi a gulbi in ruwa ya kawo. Jirgin sarki dai ƙanin jirgin masunci ne, domin hannun da ya iya ƙaramin shi aka kira ya yi babban.

Baturen nan Mungo Park ma da ya zo tafiyarsa ta biyu, dabarar haɗi ya yi. A garin Sansanding, a 1805, jiragen da ya samu rabinsu ya ruɓe. Shi da wani sojansa suka yi kwana 18 suna yanke ruɓaɓɓen suna haɗa mai kyau da mai kyau, suka fitar da jirgi mai tsawon kusan mita 12, ya sa masa suna Joliba. Jirgin ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,500, ya wuce Yawuri, amma a duwatsun Busa ya maƙale a 1806, a nan Park ya halaka. Jirgin ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Abin da masu shi suka rasa shi ne wanda ya san wannan ruwa, ga shi kuma ba su shirya da mutanen bakin kogin ba.

Jirgin ciyawa

A tsibiran Tafkin Chadi kuwa, ko guntayen icen da za a ɗinka babu. Mutanen wurin, Buduma, waɗanda suke kiran kansu Yedina, sai suka juya ga abin da tafkin ke fitarwa da kansa: doguwar ciyawar ruwan nan irin wadda Misirawan da suke yin takarda da ita. A yanko ta, a shanya, a ɗaure dami-dami, a haɗa damman da igiya, a lanƙwasa goshin ya kalli sama. Sunan jirgin kadai. Ba ya yoyo, domin ba shi da cikin da ruwa zai taru. Ciyawar ce da kanta ke yawo a kan ruwa. Aibinsa shi ne yana shan ruwa a hankali, bayan watanni sai ya yi nauyi a sake wani. Amma kayan aikin kyauta ne, a bakin ƙofa suke.

Turawan da suka zo Borno a 1851, su Heinrich Barth, ba su dogara da kadai ba. Jirgin katako suka ɗauko gunduwa-gunduwa a kan raƙuma, suka ratsa Sahara da shi daga Tarabulus, Adolf Overweg ya haɗa shi ya zaga tsibiran Buduma. Bayan shekara fiye da ɗari sai lamarin ya juya. A 1969 wani mutumin Norwe, Thor Heyerdahl, ya so ya gwada ko jirgin ciyawa zai iya ƙetare tekun Atlantika. Da ya nemi waɗanda suka iya aikin, Tafkin Chadi ya zo, ya ɗauki gwanaye ya kai su Masar, suka ɗaura masa jirgi mai tsawon kusan mita 15 a kusa da dalar Giza, aka sa masa suna Ra.

Akwai darasi a abin da ya biyo baya. Kadai na Buduma goshi kawai yake ɗagawa, bayansa a yanke yake. Heyerdahl ya nace a ƙara masa ɗagaggen baya kamar yadda ya gani a zanen Misirawan da, abin da ba ya cikin aikin da maƙeran suka gada. Jirgin ya tashi daga Safi ta Maroko, ya yi kusan mako takwas a teku, ya ci kimanin kilomita 5,000, amma ta wannan bayan da aka ƙara ya fara nutsewa, dole aka bar shi kafin a kai Barbados. Jirgin da aka tsara don tafki ya kusa ƙetare teku, kuma inda aka taɓa tsarinsa ta nan ya gaza.

Zamanin katako da ƙusa

A ƙarni na 20 abubuwa uku suka haɗu suka sake wa jirgin masunci kama. Manyan itatuwan bakin kogi suka ragu saboda noma da sara. Injin yanka katako da mota suka sa katakon kurmin kudu ya riƙa isowa arewa, ƙusa kuma ta yi araha. Sannan ruwan kansa ya sauya.

A 1968 aka gama madatsar ruwa ta Kainji. Tsohuwar Busa da duwatsun da suka ci Mungo Park suka nutse, aka tashi mutane fiye da 40,000 aka sake musu matsuguni, ciki har da Gungawan da suka zauna a tsibiran Yawuri tun kaka da kakanni. Inda a da kogi ne mai gudu tsakanin tsibirai, sai ga tafki mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 1,200, mai iska da igiyar ruwa, ga kututturan itatuwan da ruwa ya shanye suna laɓe a ƙasa. Siririn jirgin gungume da ake turawa da gora a gefen kogi bai dace da wannan ruwa ba. Ana bukatar mai faɗi, mai tsayin gefe, wanda zai ɗauki taru da mutane, daga baya ma ya ɗauki inji a bayansa. A Tafkin Chadi ma, zuwan ragar roba da kasuwar banda ta Baga sun sa jirgin katako ya ture kadai, yayin da tafkin kansa ya janye daga kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 zuwa ɗan abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma ba a shekarun 1980.

Wanda ya je bakin ruwa a Yawuri ko wani garin masunta zai ga yadda ake aikin a yau, a fili, ƙarƙashin inuwa, ba zane a takarda. Da gindi ake farawa: a jera katako, a haɗe su, a danne tsakiya da nauyi, a tokare ƙarshen biyu su ɗago. Sai a kafa katakon gefe, a lanƙwasa su a hankali su haɗu a goshi. A sa haƙarƙari a ciki don su riƙe siffar, a gicciya katakon zama waɗanda su ne kuma ke hana gefunan buɗewa ko matsewa. Sannan aikin da ya fi kowane cin rai: bin kowace tsaga ana cusa auduga ko tsumma, ana bi da narkakkiyar kwalta, wani wurin a rufe da fallen kwano a bi shi da ƙananan ƙusoshi. Mai zarto da guduma ya gaji mai gizago, amma tambayoyin ba su sauya ba: ina nauyi zai zauna, ina ruwa zai nemi shiga, wane irin ruwa jirgin zai hau.

Ranar da za a sa shi a ruwa

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Duk abin da kafinta ya yi, na kirki da na ha'inci, ranar da aka tura jirgi ruwa zai fito. Akan taru a kama, wasu a gefe wasu a baya, a jera gungume a ƙasa a gangara da shi. A garuruwan masunta sabon jirgi abin addu'a ne da sadaka, domin abincin gida ne gaba ɗaya aka ɗora a kan ruwa, wani lokaci da kuɗin bashi.

Sabon jirgin katako yakan yi yoyo a farko, kuma wannan ba ya tayar wa masani hankali. Busasshen katako in ya sha ruwa kumbura yake yi, tsagogin su matse. Don haka akan bar shi a ruwa mara zurfi ya kwana biyu, ana kwarfewa ana lura. Yoyon da ya ragu na lafiya ne. Wanda ya ƙi raguwa, a jawo jirgi tudu a sake bi. Sai a duba zamansa: ya zauna daidai ko ya karkata? Mutum ya shiga ya tsaya, ya koma gefe, ya ji yadda yake amsawa. A ɗauki filafili a gwada ko yana tafiya miƙe. A ƙara mutum biyu, uku, ana kallon yadda bakin jirgi ke matsowa kusa da ruwa. A nan mai jirgi yake sanin iyakar abin da jirginsa zai ɗauka. Ba a rubuta wannan adadi a ko'ina, a kansa yake zaune.

Abin da ke kan ruwa

Wannan ilimi da ba a rubuta ba shi ne ƙarfin sana'ar, shi ne kuma rauninta. Muddin mai jirgi shi ne masuncin da ya tsaya aka ƙera, ya gwada da ƙafarsa, to ya san iyakarsa. Matsala takan faro ne in jirgi ya tsufa, ko ya sauya hannu, ko aka mai da shi motar haya ranar kasuwa. A watan Mayu na 2021 jirgi ɗauke da mutane fiye da 150 ya nutse kusa da Warra a ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi, kaɗan ne suka tsira. A ƙarshen Nuwamba na shekarar, wani ya kife a madatsar Watari ta Bagwai a jihar Kano, aka rasa aƙalla mutum 29, yawancinsu yara ɗaliban Islamiyya da ke hanyar zuwa Mauludi. A duka biyun, lodi fiye da ƙima na cikin abin da aka ambata. Allah Ya jiƙansu.

Bayan kowane irin wannan rashi akan yi maganar rigar ruwa da hana tafiyar dare, kuma gaskiya ne ana bukatarsu. Amma da wuya a ji an tambayi wane ne ya ƙera jirgin, da wane katako, shekararsa nawa a ruwa, mutum nawa aka yi shi ya ɗauka. Katako mai kyau ya yi tsada, mai saye yana neman sauƙi, kafinta kuma in an matsa masa zai yi da ɗanye ko mara ƙwari. Muna da cibiyar binciken kifi da kwalejin koyon sana'arsa a Sabuwar Busa, muna da hukumar kula da hanyoyin ruwa mai hedikwata a Lakwaja. Abin da ya rage shi ne a ɗauki maƙerin bakin ruwa a matsayin masani, a zauna da shi, a auna jiragensa, a rubuta abin da ya sani, a kuma rubuta a jikin kowane jirgi adadin da zai ɗauka yadda fasinja zai gani da idonsa.

Mu da muke zuwa kallon tseren kwale-kwale a bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara tun 1934, mukan tafa wa matuƙa mu manta da wanda ya yi abin da suke tuƙawa. Mun san sunan ƙauyen Dufuna, mun san tsawon jirgin da kaurinsa, amma wanda ya sassaƙa shi ya tafi da sunansa da duk abin da ya sani. Magadansa kuwa suna nan da rai a Yawuri da Argungu da Nguru da Baga, da guduma a hannu. Duk wanda hanya ta kai shi bakin ruwa, ya tsaya ya gaishe su, ya tambaye su yadda ake yi, ya ɗauka a wayarsa in sun yarda. Ba sai mun jira wani mai haƙa rijiya ya tono mana aikinsu ba.